Ƙarfen da Bai Kwana da Ɗan'uwansa Ba

A rumfata ta gyaran moto, wato babur, da ke Sabon Gari akwai wata tsohuwar tasa, tana zaune gindin randa tun ban yi furfura ba. Man inji ne a cikinta, mai tsabta, a rufe da faifai. Wanda bai san aikinmu ba zai ɗauka tarkace ce. Ni kuwa ita ce ma'aunina. Sau ɗaya na tsallake ta a rayuwata, kuma ba ni na sha wahalar abin ba, wani ne.

Karatuna bai yi nisa ba. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, aka cire ni, sai ɗan na allo. Don haka zan faɗi abin yadda na san shi.

A cikin injin tsofaffin manyan moto, irin waɗanda ma'aikata suka hau suka gaji aka yi gwanjonsu, akwai wani ɗan ƙarfe mai tsawon rabin yatsa, muna ce masa pusuwar. Yana zaune cikin raminsa a jikin inji, yana hawa yana sauka. In ya hau sai ya tura wata sanda, sandar ta buɗe supap, wato ƴar ƙofar iska, inji ya shaƙi iska. Tsakaninsa da bangon ramin akwai sarari, amma ido ba ya ganinsa, bai kai kaurin gashin kai ba. Wurin mai ne kawai. In sararin ya yi yawa, inji ya dinga ƙara kamar ana kaɗa ƙwarya. In ya yi kaɗan, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Sabon pusuwar na irin waɗannan moto ba ya samuwa a kasuwa. Sai dai a nemo na wani inji wanda ya ɗan fi kauri, a zauna a buɗa ramin a hankali har ya karɓe shi. Da sandar kirya nake yi. In tsaga bakinta, in saƙa takardar yashi mafi laushi, in jiƙa da kananzir, in riƙa murzawa tsakanin tafukana kamar mai burga miya. Daga nan sai wani ƙulli mai laushi kamar kwalli, wanda ake damawa da mai. Juyi goma, a wanke, a gwada. Ba a sauri, domin abin da aka cire daga ƙarfe ba ya komawa. Gwajin kuwa ba shi da wuya. A shafa wa pusuwar mai, a ɗora shi bakin rami, a sake shi. In ya faɗa da ƙara, aiki ya ɓaci. In ya tsaya, da sauran murza. Abin da ake so shi ne ya sauka da nauyin kansa, sannu sannu, kamar tsoho zai zauna kan tabarma.

Maigidan da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, yana da doka ɗaya da ba ya ɗagawa. Ba a gwajin ƙarshe ranar da aka gama murza. Sai an saka pusuwar da ɓangaren injin cikin tasar mai ɗaya, a inuwa ɗaya, su kwana, da safe kafin rana ta ɗago a gwada. Yakan ce ƙarfe sai ya kwana da ɗan'uwansa kafin a san ko za su zauna lafiya. Dalilin shi ne jikin injin farin ƙarfe ne mara nauyi, in ya sha zafi yana buɗewa fiye da baƙin ƙarfen pusuwar. Wanda ya gwada ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ƙarya ya auna. Na san wannan kamar yadda na san Fatiha.

Mu biyu muka koya a hannunsa, kuma bayan rasuwarsa mu biyu muka riƙe rumfar. Abokin aikina mutumin Tsibiri ne, kullum da safe yake shigowa Maraɗi, ya koma gida bayan la'asar sakaliya. Shi Bagobiri, ni Bakatsine, ga wasan da ke tsakaninmu tun kaka da kakanni. Ban taɓa kiransa da sunansa ba sai Bagobiri, shi ma haka, Bakatsine. In ya shigo da safe sai in tambaye shi ko yau ma an bar bayi sun shigo birni ba takarda. Shi kuma ya ce ya zo duba ko talakawansa sun kwana lafiya. In na sayi ƙosai sai ya ɗauke rabi, ya ce haraji ne. Masu kawo gyara sukan zauna don su ji mu kawai. Kowa ya san dokar wannan wasa: duk abin da aka faɗa a cikinsa ba a fushi da shi, ba a kai shi ƙara, wanda ya ɓata rai shi ya ji kunya.

Aiki kuwa mun raba shi. Ni ke murza da auna ƙananan ƙarafa. Shi ke haɗa inji, ya ɗaure, ya zuba mai, ya tayar. Hannunsa ya fi nawa tsabta wajen haɗi, ban taɓa ganin noti ya rage masa a ƙasa ba. Abu ɗaya mutane suka sani game da shi, mai mantuwar hula ne. Sau da yawa sai ya kai tasha ya dawo ɗaukar hularsa ko carbinsa. A aiki dai ban taɓa kama shi da mantuwa ba.

Fiye da shekara ashirin ke nan, a ƙarshen bazara, wani mai lambu daga Jiratawa ya kawo mana motonsa. Babba ne, mai kai biyu, da shi yake ɗauko zogale da tumatir ya kawo kasuwa. Pusuwar ɗaya ya cinye raminsa, inji yana ta ƙara. Ya ce ya zaga rumfa uku duk sun ce ba za su iya ba, aka ce masa in dai ba Bakatsinen Sabon Gari ba, to ya sayar da shi ga masu narka tukunya. Wannan magana ta shiga kaina. Ya ce yana son abinsa ranar Juma'a, tunda zai shigo kasuwa da masallaci. Na ce masa ya ɗauka an gama.

Samun pusuwar da ya dace ya ci mini kwana uku. Sai ranar Alhamis da yamma na samo shi, na jefa shi cikin tasa. Da safen Juma'a na fara murza ramin. Wajen ƙarfe sha ɗaya na ga na kusa. Na wanke ɓangaren injin da kananzir, na ɗora shi kan wani tsohon kwano a rana don ya bushe, na shiga gaisawa da wani baƙo. Gaisuwa ta yi tsawo. Da na dawo sai da na sa tsumma na ɗauke shi, don ba ya taɓuwa. Na ɗaga faifai, na ciro pusuwar daga gindin randa, sanyi ƙalau. Na ɗora shi bakin rami na saki. Ya sauka sannu sannu, kamar tsoho kan tabarma.

Ba zan ce na manta dokar ba. Ina riƙe da tsumman a hannuna, ina jin zafin yana ratsa shi. Abin da na gaya wa kaina shi ne shekara nawa ina wannan aiki, hannuna ya san abin da tasa ba ta sani ba. Ga mai lambu zai zo bayan masallaci, ga alkawarin da na yi gaban mutane. Na bar pusuwar cikin raminsa, na miƙa wa Bagobiri. Ya tambaye ni ko sun kwana. Na ce masa Bagobiri bai isa ya yi wa Bakatsine jarrabawa ba. Ya yi dariya ya karɓa.

Bayan an sauko Juma'a ya gama haɗi. Ina zaune ina kallonsa lokacin da ya buɗe galan ya zuba mai, har ya goge bakin da gefen tsumma. Aka tayar da inji cikin zafin nan na la'asar. Ya tashi lafiya, ba ƙara ko kaɗan, sai numfashi. Mai lambu ya sa mini albarka, ya hau ya tafi.

A daren aka yi ruwan farko. Gari ya waye da sanyi, ƙasa tana ƙamshi, mutane suna ta fita shuka. Ina alwalar asuba na ji sanyin ruwan buta a hannuna, sai na tuna abin da sanyi ke yi wa ramin da aka auna da zafi.

Da hantsi sai ga amalanken shanu ya tsaya bakin rumfa, moton yana kwance a kai, mai lambu yana biye da ɗingishi. Ya ce da sassafe ya tayar, ya ɗora kaya, bai kai bakin kwalta ba inji ya yi wata ƙara ya ƙame, ya kayar da shi. Gwiwarsa ta goge, tumatir ya watse. Murfin gefen inji ya bugi dutse ya tsage, moton ya daɗe kwance cikin jiƙaƙƙen yashi kafin a sami masu ɗagawa.

Ba ya faɗa, amma yana son a gaya masa abin da ya faru. A layinmu in irin wannan ta taso, sarkin makanikai ake kira, a buɗe inji gabansa. Dattijo ne mai gaskiya. Ya zo da mutum biyar ko shida, ƴan kabu-kabu ma suka taru. Bagobiri ya kwance inji. Pusuwar ya kafe a sama, ya riƙe supap a buɗe, pisto, babban ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ya buge supap ɗin ya lanƙwasa. Sai da aka sa guduma aka fitar da pusuwar. Jikinsa ya yi shuɗi, ya kakkarce. Sarki ya juya shi a hannu, ya ce abu biyu ke yin haka, ko matsi ko rashin mai. Aka kwance notin ƙasa, mai bai cika kofin shayi biyu ba. Wani ya ce ai ya tsiyaye ta wurin tsagar. Wani ya ce da an cika shi, da ya fi haka saura. Sarki ya dube ni, ya tambaye ni ko na yi gwaji. Na ce na yi, ya sauka da nauyin kansa. Wannan ba ƙarya ba ce, rabin gaskiya ce. Bai tambaye ni ko sun kwana ba, domin ba wanda zai yi tunanin almajirin maigidanmu zai tsallake tasa.

A nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na juya ina murmushi na ce:

"Bagobiri, ka tabbata ka zuba mai, ko Tsibiri ka kai shi aka soya ƙosai?"

Mutane suka fashe da dariya, har mai lambu ya murmusa. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ai mutumin da ke manta hular kansa, man wani ne zai tuna. Dariya ta ƙaru. Bagobiri ba shi da hanya. In ya yi rantsuwa ya ɓata rai, a ce ya kasa ɗaukar wasa. In ya rama da wasa, bai wanke kansa ba. Na ga ya ɗaga ido yana duban galan ɗin da ke jingine a kusurwa. Galan ne da muke zuba wa kowa daga ciki, ba zai nuna komai ba. Can ya ce, a hankali, shi dai yana ganin ya zuba.

Wannan "yana ganin" ita ta kashe shi. Sarki bai yanke hukunci da baki ba, ya dai ce Allah ya kiyaye gaba, kowa ya riƙa lura. Amma kowa ya tashi da abin da ya fahimta. Mai lambu ya mayar da motonsa kan amalanke ya tafi da shi.

Ni ban zarge shi ba. Shekaru da yawa da wannan nake lallashin kaina. In ce ai wasa na yi, mutane ne suka ɗauka da gaske. Amma na san dalilin da ya sa na zaɓi wasa. Na zaɓe shi ne don shi kaɗai ne wurin da zan jefi mutum ba a ga hannuna ba, kuma ba zai iya karewa ba.

Daga ranar, duk ɗan kabu-kabun da ya wuce rumfar sai ya rage gudu ya ce, Bagobiri, an zuba? Da farko yakan ɗaga hannu ya yi dariya. Masu kawo gyara suka fara jan ni gefe, su ce don Allah in haɗa da hannuna. Wasu sukan tsaya kansa har ya zuba mai gabansu. Shi kansa ya canza. Zai zuba mai ya rufe, ya ɗauki kilen ɗaure noti, ya ajiye, ya sake buɗewa ya leƙa. Wani lokaci mai moto ya hau zai tafi, ya tsayar da shi ya sake dubawa. Wannan ma ya zama abin dariya. Wata rana da gaske ya bar wani noti bai ɗaure ba, saboda hankalinsa yana kan mai. Na gani na ɗaure, ban ce komai ba, na kuma ji daɗi a raina, Allah ya yafe mini, don abin ya ƙara rufa mini asiri.

Bai kai damina biyu ba ya ce zai bar buɗe inji. Ya koma faci a bakin rumfar, yana hura taya. Bayan nan ya ce zirga-zirgar ta ishe shi, zai zauna gida ya riƙe gonar mahaifinsa. Ranar da zai tafi ya bar mini kayan aikinsa duka, ya ce Bakatsine ya riƙe wa ubangidansa ajiya. Na raka shi tasha muna wasa. Bayan haka muna haɗuwa wajen suna ko jana'iza, mu yi wasanmu, mu rabu. Sunana kuwa ya yi ta tashi. Har daga nesa ake kawo mini injin da ya gagara. Ban sake tsallake tasa ba ko sau ɗaya, na kuma ɗauka wannan ya isa tuba.

Bara, bayan sallar layya, ina zaune a rumfa sai na ji maƙwabcina yana sallamar wani mai moto. Mutumin bai fi shekara talatin ba, ban san shi ba. Yana taka kik sai ya ce wa maƙwabcin nawa, ka zuba mai da gaske, ko zubin Bagobiri ka yi mini? Na kira shi na tambaye shi wane Bagobiri. Ya ce shi ma bai sani ba, haka dai ake faɗa, wai wani makanike ne a da da ke haɗa inji ba mai. Ya ce har a Jiratawa masu injin ban-ruwa suna faɗa.

Na kasa cin abinci ranar. Mai ɗakina ta tambaye ni, na gaya mata duka, ita ce mutum ta farko da ta ji. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni ko mutumin yana da rai. Na ce yana nan. Ta ce to me nake jira, sai an kira ni wankan gawarsa?

Na jira har aka yi girbi, don tsoro, ba don wani dalili ba. Sannan na hau moto na tafi Tsibiri. Na same shi bayan gida yana ɗaura damman gero ana jefawa rumbu. Ya tsufa, ya rame, amma idonsa na nan. Da ya gan ni ya ce mi ya kawo bawa gidan ubangidansa ba a aika ba. Ban rama ba. Na ce ina son magana da shi, ba ta wasa ba. Ya dube ni, ya shimfiɗa buhu gindin bishiyar bedi muka zauna.

Na gaya masa tun daga kwanon da na ɗora a rana har tsumman da ke hannuna. Na ce masa da idona na ga ya zuba mai, na ga ya goge bakin. Ya yi ta murza zangarniya a hannu har tsabar ta zube.

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

"Na zuba."

"Ka zuba, Bagobiri."

"Yau kada ka ce mini Bagobiri," in ji shi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba barin aikin ya fi yi masa ciwo ba, gona ta ciyar da shi. Abin da ya fi shi ne ya yarda kansa yana yoyo. Ya ce shekara ashirin in ya rufe garken awaki sai ya koma sau uku. In ya idar da salla sai ya tambayi na kusa ko raka'a huɗu ya yi. An nemi ya riƙe makullin ma'ajin hatsi na unguwarsu ya ƙi, ya ce a ba mai hankali. Babban ɗansa ya so ya koyi gyaran moto, ya hana shi, don kada a ce gado ne. Ya ce sau da yawa yakan kwanta ya ga kansa yana zuba man nan, ya ga har kumfarsa, sai ya ce wa kansa wannan na wata rana ne.

Na roƙe shi gafara. Ya ce gafara ba ta da wuya, amma ba a gindin bedi na zubar da shi ba, don haka ba a gindin bedi zan kwashe ba. In je Jiratawa, in je layi, in faɗa, kuma kada in yi dariya.

Jiratawa na fara zuwa. Mai lambun yana da rai, ƴaƴansa ke aiki yanzu, shi yana zaune bakin kwalbatin ruwa yana korar awaki daga zogale. Ya gane ni, ya tuna moton sarai, ya ce tun a shekarar ya sayar da shi ga masu narka tukunya. Da na gama bayani sai ya riƙe haɓa. Ya ce to shi mutum nawa ya gaya wa? Duk mai injin ban-ruwa da ya nemi shawararsa a lokacin, ya ce masa ya kai wa Bakatsine amma kada ya bar Bagobiri ya taɓa. Ya fara lissafa su da yatsa, rabi sun rasu. Ya ce zai faɗa a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Da zan tafi ya ce, Malam, ka sa ni ɗaukar alhakin mutum ban sani ba.

Na layi ya fi wuya. Tsohon sarkin makanikai ya rasu, wani ne yanzu. Cikin waɗanda suka ga buɗe injin, uku suka rage. Na roƙi sarki ya tara mutane ranar Litinin da hantsi, na aika aka ɗauko mutumin Tsibiri, ya zauna kan benci da hularsa. Na miƙe na fara magana. Da na ce Bagobiri ya zuba mai, sai aka yi dariya. Na sake faɗa, aka sake dariya, suna jiran inda wasan zai faɗo. Wani ya ce yau Bakatsine ya sha kaye, nawa aka ba shi? Na ga ramin da na haƙa ya fi ƙarfin bakina. Duk abin da Bakatsine zai faɗa kan Bagobiri, wasa za a ji.

Sai na bar magana. Dama na shirya wani tsohon ɓangaren inji da pusuwar ɗinsa, na murza shi da ɗan matsi. Na ciro su daga tasa tare, na ba sarki ya gwada. Pusuwar ya tsaya bakin rami, ya ƙi shiga. Na ɗora ɓangaren kan kwano a rana, na mayar da pusuwar gindin randa, muka zauna. Ba wanda ya tafi. Da ya yi zafi na ɗauko shi da tsumma, na sake ba sarki. Ya ɗora ya saki, pusuwar ya sauka sannu sannu. Na ce haka na yi ranar nan, ina sane, kuma da aka zo bincike na jefa wa wannan bawan Allah. A wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikin tsofaffin ukun ya tashi ya je ya ba mutumin Tsibiri hannu, sauran suka bi. Sarki ya ce daga yau kada ya sake jin maganar nan a layi. Mutumin Tsibiri ya ce ya yafe, duniya da lahira, ya tashi ya nemi motar gida.

Maganar ba ta mutu ba. Sarki yana da iko da layi, ba shi da iko da bakin ƴan kabu-kabun gari. Har yanzu nakan ji ta. Duk wanda na ji ya faɗa sai in tsayar da shi in ba shi labarin, wasu su saurara, wasu su ce tsohon nan ya cika surutu. An rage kawo mini aiki, ban sani ba ko saboda wannan ne ko don idona ya fara hazo.

Yanzu yakan shigo Maraɗi wata Juma'ar, ya biyo ta rumfa ya zauna kafin lokacin masallaci. Malam yake ce mini. In na sayi ƙosai sai na miƙa masa yake ɗauka. Watan jiya ya tarar na gama murza wani rami tun Alhamis, ƙarafan sun kwana a tasa, na gwada da safe. Na ce masa idona ba ya ganin ƙananan notin nan, ko zai taimaka mini da haɗi. Sai ya naɗe hannun riga. Na ciro masa kayan aikinsa daga akwatin da na ajiye su. Ya daɗe, don hannu ya manta wasu abubuwa, sau biyu yana tambayata. Da ya gama ya ɗauki galan ya zuba mai, ya goge bakin da gefen tsumma, ya rufe. Na zuba masa ido. Ya wanke hannu da kananzir, ya sauke hannun riga, ya ce in tashi mu tafi kada mu rasa sahu. Bai koma ya buɗe ba.

Hularsa ce ya bari kan benci. Na ɗauka na bi shi da ita, maganar wasa ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye. Ba ni zan fara ba.